Yadda za ka tsara jadawalin bakap a Veeam Backup & Replication ya dace da aikin ma'aikatarka

Idan ka buɗe sabon aikin bakap, wato ɗaukar kwafin bayanai don ajiya, a Veeam Backup & Replication ka yi ta danna gaba ba tare da ka taɓa komai ba, za ka tashi da riƙon kwafi na kwana 7, da cikakken kwafi na haɗi (wanda ake haɗawa daga kwafin da ke ajiye) kowace Asabar, da ƙarfe 10 na dare a gurbin lokaci. Akwatin da ke sa aikin ya riƙa tashi da kansa kuwa, sai ka sa masa alama da hannunka, in ba haka ba aikin zai zauna yana jiran ka kunna shi. Wannan tsari na farko bai san yawan bayananka ba, bai san ƙarfin layinka ba, bai kuma san lokacin da sashen kuɗi ke rufe lissafin rana ba. Jadawali mai kyau daga lissafi yake fitowa: asarar da aikin zai iya jurewa, da saurin da injinanka suke iya yi da gaske. Misalan da ke nan na Veeam ne a kan VMware vSphere, amma lissafin ɗaya ne a Commvault ko NetBackup ko Bacula, sunayen maɓallai ne kawai suka bambanta.

Tambayoyi biyu da masu bayanan za su amsa

Kafin ka buɗe manhaja, ka zauna da shugaban kowane sashe ka yi masa tambaya biyu. Ta farko: idan wannan saba ta mutu yanzu, aikin awa nawa za ku iya sake yi da hannu ba tare da ya zama bala'i ba? Amsar ita ce abin da ma'aikatan fannin ke kira RPO, kuma ita ce ke yanke tazarar da za a sa tsakanin bakap da bakap. Ta biyu: awa nawa za ku iya zama babu sabar? Wannan ita ce RTO, ita ce ke yanke inda za a ajiye kwafin da kuma tsawon sarƙar da za a bi kafin a maido shi.

Kusan kowa zai ce maka ba zai iya rasa ko minti ɗaya ba. Ka faɗa masa kuɗin faifai da na layin da minti ɗayan zai ci, sai amsar gaskiya ta fito. Ka rubuta ta a takarda, ya sa hannu. Wannan takarda ce za ta kare ka ranar da aka zo maido da bayanai aka tarar na jiya da dare ne kawai ake da su.

Daga amsoshin sai ka kasa injinan gida uku, kada su wuce huɗu. Rukuni na farko shi ne rumbunan bayanai na kuɗi da ciniki, waɗanda ba sa jure asarar da ta wuce minti 15 zuwa awa ɗaya. Na biyu sabobin fayil da na imel da manhajojin ofis, masu jure awa 4 zuwa 24. Na uku injinan gwaji da waɗanda ba sa canzawa sosai, waɗanda sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe su. A vSphere ka ƙirƙiri alama ɗaya ga kowane rukuni, ka liƙa wa kowace VM (injin da manhaja ke kwaikwaya a kan saba ta gaske) tata, sannan a cikin Veeam ka zaɓi alamar a matsayin abin da aikin zai kwashe maimakon ka zaɓi injinan ɗaya bayan ɗaya. Amfanin haka shi ne duk sabuwar VM da aka liƙa wa alama za ta shiga jadawali da kanta. Wadda aka manta ba a liƙa mata ba kuwa ba ta cikin kowane aiki, kuma babu saƙon gargaɗi da zai zo a kanta, don haka sai an riƙa neman irinsu da gangan.

Lissafin sa'o'in dare

A nan ne yawancin jadawalai ke karyewa. Mu ɗauki misali: VM 40, bayanan da ke cikinsu terabait 8, kuma kashi 5 cikin ɗari na canzawa kowace rana, wato gigabait 400. Ma'aikata na tashi da yamma, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe injinan ba su da nauyi. Kana da awa 10 ke nan.

Kada ka ɗauki saurin da aka rubuta a jikin kwalin na'ura. Ka gudanar da cikakken kwafi ɗaya na wasu injina, ka duba saurin da Veeam ta nuna a rahoton aikin. A ce ta nuna megabait 250 a daƙiƙa. Wannan gigabait 900 ne a awa. Terabait 8 zai ɗauki kusan awa 9. A takarda ya shiga cikin awa 10, amma babu sararin sake gwadawa idan wata VM ta gaza, kuma bayanan za su ƙaru nan da 'yan watanni. Hukuncin a bayyane yake: cikakken kwafi daga tushe ba aikin daren mako ba ne a wannan ma'aikata, sai ƙarshen mako. Kwafin ƙari, wato na abin da ya canza kawai, na gigabait 400 kuwa a lissafi bai kai rabin awa ba, sai dai kowace VM tana da nata ɓata lokacin, na ɗaukar hoton faifai (snapshot, wato adana halin da faifan yake ciki a wannan lokaci) da na goge shi, don haka ka ware masa awa ɗaya zuwa biyu.

A rahoton nan akwai wani layi da ya kamata ka saba da karanta shi, wanda ke nuna inda aikin ya fi maƙalewa cikin wurare huɗu: tushe, furoksi (injin da ke karanto bayanai daga tushe ya tura su ma'ajiya), layi, ko ma'ajiya. Kowanne yana zuwa da kaso cikin ɗari. Idan tushe ne ya fi yawa, faifan da injinan ke zaune a kai ne ya gaji, kuma ƙara ayyuka a lokaci guda zai ƙara dagula lamarin. Idan ma'ajiya ce, matsar da lokaci ba zai gyara komai ba sai an duba faifanta. Mutane da yawa suna ta sauya jadawali alhali matsalar ba ta lokaci ba ce.

Wace irin sarƙa

Veeam tana ajiye cikakken kwafi a fayil mai ƙarewa da .vbk, kwafin ƙari kuma a .vib. Kowane .vib ya dogara da wanda ya gabace shi har zuwa .vbk na farko. Idan ɗaya ya lalace a tsakiya, duk na bayansa sun tafi. Zaɓin da ka yi a nan, a cikin Advanced na shafin Storage, shi ne ke yanke nauyin kowane dare.

Hanya ta farko ita ce ƙari ba iyaka: cikakke ɗaya tak, sauran duk ƙari. Idan wa'adin riƙo ya cika, Veeam tana zuba ƙarin da ya fi tsufa cikin cikakken kwafin. Ta fi kowacce tsimin wuri, amma zubawar nan tana faruwa a ƙarshen kowane aiki, kuma a kan ma'ajiya mai jinkiri takan fi bakap ɗin kansa daɗewa.

Ta biyu ita ce ƙari tare da cikakke na haɗi kowane mako. A nan ma'ajiyar ce ke haɗa sabon .vbk daga kwafin da take da su, ba a sake karanta sabobin aiki ba. Idan an tsara faifan ma'ajiyar da ReFS a Windows, mai girman gungu na kilobait 64, ko XFS a Linux da reflink a kunne, haɗin ba ya kwafe bayanai, nuni kawai yake yi zuwa tubalan da ke nan, sai ya ƙare da wuri kuma bai ci wuri sosai ba. A kan NTFS ko wata ƙaramar NAS (akwatin ajiya da ke kan layi) kuwa, haɗin terabait da yawa na nufin karantawa da rubutawa a kan faifai ɗaya, kuma yana iya cinye yini guda.

Ta uku ita ce cikakke daga tushe lokaci zuwa lokaci, inda ake sake karanta komai daga sabobin. Tana da nauyi a kan injinan aiki da layi, amma ita ce ta fi dacewa da wasu na'urorin ajiya masu cire maimaici, waɗanda rubutu a jere ke musu sauƙi, karatu a warwatse kuma ke musu wuya.

Ga yawancin ma'aikatu, hanya ta biyu a kan ReFS ko XFS ita ce zaɓin da ya fi. Akwai ƙarin dalili: ma'ajiyar Linux mai kulle kwafi don kada a iya goge su, wadda ita ce babbar kariya daga masu garkuwa da bayanai, tana buƙatar sarƙa mai cikakken kwafi lokaci zuwa lokaci. Ƙari ba iyaka ba ya tafiya da ita, domin yana buƙatar taɓa tsohon .vbk kullum, shi kuwa a kulle yake. Mafi ƙarancin kullen kwana 7 ne.

Kada ka bar duk ayyukanka su yi cikakke ranar Asabar don kawai haka ka same su. Idan kana da ayyuka shida, ka raba: biyu daren Juma'a, biyu Asabar, biyu Lahadi.

Shafin Schedule, gurbi bayan gurbi

Bayan ka sa alama a akwatin tashi da kai, zaɓi huɗu ne a gabanka.

Na kullum a ƙayyadadden lokaci shi ne na rukuni na biyu da na uku. Kana iya zaɓar kowace rana, ko ranakun aiki, ko ranakun da ka ga dama. Idan ma'aikatarka tana aiki ranar Asabar, kada ka zaɓi ranakun aiki, domin a wurin manhajar Litinin zuwa Juma'a ke nan.

Na wata-wata ya dace da injinan da aka daina amfani da su amma doka ko mai binciken kuɗi ya ce a riƙe.

Na tazara, wato kowace awa kaza ko minti kaza, shi ne na rukuni na farko, kuma yana da wani hali da ke rikita mutane. Veeam tana fara ƙirga tazarar daga ƙarfe 12 na dare, ba daga lokacin da ka ajiye aikin ba. Idan ka ce kowace awa 4, zai tashi 12 na dare, 4 na asuba, 8 na safe, 12 na rana, 4 na yamma, 8 na dare. Ƙarfe 8 na safe kuwa shi ne lokacin da kowa ke shiga manhaja. Kusa da gurbin akwai maɓallin da ke buɗe allon sa'o'in mako, inda za ka hana wasu sa'o'i, da kuma gurbin da za ka matsar da tashi da wasu mintuna a cikin awa. Ka yi amfani da su: ka toshe awar da aka fi cunkoso, ka kuma ba kowane aiki nasa mintin, wannan da minti 10, wancan da minti 25, don kada su taso tare. Ka tabbata kuma aikin yana ƙarewa kafin tazarar ta cika. Aikin da ke ɗaukar minti 70 ba zai ba ka bakap na kowace awa ba, ko me ka rubuta a gurbin.

Na huɗu shi ne ɗaura aiki a bayan wani, ya tashi idan na gabansa ya gama. Yana da daɗin gani, shi ya sa ake yawan ɗaura ayyuka goma a jere. Hatsarinsa shi ne idan na farko ya maƙale a kan wata VM, sauran tara suna nan suna jira har gari ya waye, idan kuma wani ya kashe na farkon don gyara ya manta, babu wanda zai tashi cikinsu. Bugu da ƙari, furoksi yana zaune babu aiki yayin da aikin farko ke fama da faifansa na ƙarshe. Ya fi kyau ka ba kowane aiki lokacinsa, da tazarar 'yan mintuna bisa muhimmanci, ka bar Veeam ta raba musu gurabe. Ɗauri yana da amfani ne inda akwai dogaro na gaske, misali aiki biyu da bai kamata su taɓa faifai ɗaya a lokaci guda ba.

Rabon guraben nan yana bin iyakar da ka sa a furoksi da ma'ajiya. A wurin Veeam, kowane faifan VM aiki ɗaya ne, don haka VM mai faifai biyar tana cin gurbi biyar. Sabuwar ma'ajiya tana zuwa da iyakar 4. Idan ka ga ayyuka suna nuna cewa suna jiran kayan aiki na tsawon lokaci, nan za ka duba. Ka ɗaga iyakar kaɗan kaɗan kana kallon rahoto, kada ka cire ta gaba ɗaya.

A ƙasan shafin akwai sake gwadawa: sau 3, da jiran minti 10 tsakani. Injinan da suka gaza kawai ake sake wa, kuma sai aikin da jadawali ya tayar, wanda ka kunna da hannu ba ya sake gwadawa. Idan abin da ke kawo gazawar yakan ɗauki lokaci, kamar layin reshe da ke yankewa ya dawo, ka tsawaita jiran zuwa minti 20 ko 30, in ba haka ba duk gwajin uku za su ƙare cikin matsala ɗaya.

Gurbi na ƙarshe shi ne na katse aiki idan ya wuce sa'o'in da aka ba shi. Yana kare ma'aikata daga nauyin bakap da safe, amma ka san farashinsa: VM da aka katse ba ta da kwafin wannan dare. Idan kullum injinan ƙarshen layi ne ake katsewa, za su iya yin kwanaki babu kwafi. Ka jera injinan a cikin aikin yadda mafi muhimmanci zai zo farko, kuma ka ɗauki duk katsewa a matsayin alamar cewa lissafin sa'o'inka ya tashi aiki.

Riƙo yana tafiya da jadawali

A sigogin da suka gabaci ta 13, Veeam tana barin ka ƙirga riƙo da kwanaki ko da adadin kwafi. Idan aikin na tashi sau ɗaya a rana, kusan duk ɗaya ne. Ranar da ka mayar da shi kowace awa 4 ka bar riƙo a kwafi 14, tarihinka ya koma awa 56, bai kai kwana biyu da rabi ba. Fayil da aka goge ranar Juma'a aka gano ranar Litinin ya tafi. Duk lokacin da ka taɓa tazara, ka koma shafin Storage ka duba riƙo, kuma ga ayyukan da ke tashi sau da yawa a rana ka ƙirga da kwanaki.

Wurin ajiya ma yana da nasa tarkon. A misalinmu, a ce matsi ya rage bayanan da rabi: cikakke terabait 4, ƙari gigabait 200. Wanda ya ce kwana 14 zai lissafa 4 da ƙari 13, ya sami terabait 6.6. Amma a sarƙa mai cikakke kowane mako, Veeam ba ta iya goge tsohon .vbk sai duk ƙarin da suka dogara da shi sun fita daga wa'adi. Saboda haka akwai ranakun da za ka tarar da cikakke uku da ƙari 17 ko 18 a faifai, kusan terabait 15.6 idan ma'ajiyar ba ta ReFS ko XFS ba ce. Ka yi lissafi da wannan adadi mafi girma, ka ƙara sararin da haɗin sabon cikakke zai buƙata.

Don riƙo mai tsawo akwai tsarin GFS, inda ake ware wasu cikakkun kwafi a matsayin na mako, na wata, da na shekara. Tsari irin na mako 4, wata 12, shekara kaza ya zama ruwan dare, adadin shekarun kuma daga dokar da ke kan ma'aikatarka zai fito, ka tambayi sashen shari'a da na binciken kuɗi. GFS ba ya ƙirƙiro kwafi daga iska, cikakken da aikin ya riga ya yi yake liƙa wa alama, don haka dole cikakke na lokaci zuwa lokaci ya kasance a kunne. Ka lura da wane mako ka zaɓa don na wata. Idan sashen kuɗi na rufe littafi a kwanakin farko na sabon wata, kwafin makon ƙarshe zai kama littafin a buɗe, na makon farko ko na biyu shi ne mai amfani gare su.

Rumbunan bayanai

Ɗaukar hoton faifan sabar SQL kowane minti 15 kuskure ne. Kowane hoto sai an goge shi, gogewar kuma tana haɗe canje-canjen da suka taru, a ƙarshenta VM takan daskare na ɗan lokaci. A saba mai yawan rubutu wannan daskarewa ta isa ta yanke masu amfani. Hanyar da ta dace ita ce kwafin VM sau ɗaya ko biyu a rana, sannan a shafin Guest Processing ka kunna sarrafawa mai sanin manhaja, ka zaɓi kwashe kundin ma'amala, wato inda rumbun ke rubuta duk canjin da aka yi, lokaci zuwa lokaci. Tazarar da take zuwa da ita minti 15 ce. Wannan yana gudana a bayan fage ba tare da hoton faifai ba, kuma yana ba ka damar komawa wani takamaiman lokaci a cikin yini.

Sharaɗi biyu ne. Dole rumbun ya kasance a tsarin maidowa na Full ko Bulk-logged, domin a Simple babu kundin da za a kwashe. Kuma dole kayan aiki ɗaya tak ya mallaki kundin. Idan mai kula da rumbun yana da nasa jadawalin da ke kwashe kundi yana yanke shi, Veeam ma tana yi, kowannensu zai tashi da sarƙa mai giɓi, ba kuwa za a gane ba sai ranar maidowa. Ku yi magana ku yanke. Idan shi zai riƙe, ka sa Veeam a kan kwafi kawai, kada ta taɓa kundin.

Ka tambaye shi kuma yaushe yake sake gina fihirisa. Wannan aiki yana taɓa tubala masu yawa, sai ƙarin daren ya kumbura ya ninka na kullum. Idan ya zo daidai lokacin da hoton faifai ke buɗe, fayil ɗin hoton zai yi ta girma har ya iya cika wurin da injinan ke zaune. Ka sa bakap ya gama kafin a fara, ko ya fara bayan an gama.

Kwafi na biyu a wani wuri

Ƙa'idar 3-2-1 ta ce kwafi uku, a kan nau'in ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. A Veeam aikin Backup Copy ne ke yin wannan, kuma yana da hali biyu: ko ya kwashe kowane sabon kwafi da zarar ya bayyana, ko ya tashi a ƙayyadadden lokaci ya ɗauki na ƙarshe. A nan ma lissafi ne ke yanke hukunci. Layin megabit 20 yana ɗaukar gigabait 9 a awa idan babu mai amfani da shi sai kai. Gigabait 200 na misalinmu awa 22 ke nan, kullum. Ba zai yiwu ba. A megabit 100 kuwa awa huɗu da rabi ne. Idan layin ƙarami ne, ka tura rukuni na farko kawai kullum, sauran ka rage musu.

Cikakken farko na terabait 4 a kan megabit 20 zai haura kwana 18. Maganinsa shi ne ka yi kwafin farko a kan faifai a ofis, a ɗauke shi a mota zuwa ɗaya wurin, a zuba a ma'ajiyar can, sannan a nuna wa aikin wannan kwafi ya ci gaba daga kansa. Faifan da zai hau hanya a rufe shi da kalmar sirri. A dokokin zirga-zirgar layi kuma ka sa iyakar gudu a lokutan aiki, ka sake ta da dare. Masu amfani da kaset na LTO, wanda LTO-8 ke ɗaukar terabait 12, LTO-9 kuma 18 ba tare da matsi ba, su sa aikin kaset da rana bayan cikakke ya gama, lokacin da akwai mutum a ofis da zai sauya kaset.

Wuta da agogo

Littattafan manhaja suna ɗauka cewa dare shi ne lokacin da ya fi aminci. A ofis da ke Kano ko Maradi inda ake kashe janareta bayan an tashi, a bar ɗakin saba a kan batir da inbata, dare ne lokacin da wuta ta fi rashin tabbas. Ka san awa nawa batir ɗinka ke ɗauka da nauyin bakap a kansa, wanda ya fi na zaman banza, ka kuma tuna da na'urar sanyaya ɗaki. Idan ba zai kai asuba ba, ka jawo bakap zuwa daidai bayan tashi, tun janareta na aiki, ka kai cikakken mako ranar da ka tabbata akwai wuta da mai gadi da zai iya tayar da inji.

Mutuwar saba ba zato tana da wani sakamako da ke biyo baya. VMware tana riƙe da lissafin tubalan da suka canza, abin da ake kira CBT, shi ne ke sa ƙari ya yi sauri. Idan wuta ta yanke wa saba kai tsaye, wannan lissafi yana iya rushewa, sai bakap na gaba ya karanta faifan gaba ɗaya. Fayil ɗin da zai fito ƙarami ne kamar kullum, amma lokacin na cikakke ne. Idan ka san an yi irin wannan yankewa da rana, ka sa ran dogon dare, ka sassauta gurbin katsewa na wannan daren.

Jadawali yana bin agogon sabar bakap ne, ba na reshen da ake kwashewa ba. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Gana tana bayansu da awa ɗaya, Sudan tana gabansu da awa ɗaya, kuma duk ba sa sauya agogo da yanayi. Amma idan sabar bakap tana Landan, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonta daidai yake da na Legas, sauran watanni kuma tana baya da awa ɗaya. Aikin da ka sa ya ƙare 7 na safe agogon can zai shiga 8 na safe a nan da hunturu. Duk injinan su riƙa saita agogo daga tushe ɗaya ta NTP.

Abubuwan da ke cin karo da bakap

Ka zana mako guda a takarda, awa awa, ka zuba duk abin da ke gudana da dare. Sabuntawar Microsoft tana fitowa Talata ta biyu a kowane wata, kuma sabar da ta sake tashi a tsakiyar aiki ta kashe shi, musamman idan ita ce furoksi ko ma'ajiya. Akwai binciken riga-kafin ƙwayoyin cuta, akwai rufe lissafin rana, akwai duban lafiyar kwafi da Veeam ke yi, wanda ke karanta kwafin ƙarshe daga ma'ajiya kuma bai kamata ya faɗo ranar haɗa cikakke ba. Idan lasisinka ya ba da dama, ka kunna kula da jinkirin faifai a saitunan gaba ɗaya. Da saitin da yake zuwa da shi, idan jinkirin wurin ajiyar injina ya kai milisakan 20 Veeam tana daina ba shi sabon aiki, a 30 kuma tana rage gudun wanda ke tafiya. Wannan ne ke sa bakap na rana ya yiwu ba tare da ma'aikata sun ji a jikinsu ba.

Saitunan Veeam kanta suna da nasu bakap na kullum. Ka mayar da shi wata ma'ajiya da ba a kan sabar bakap take ba, ka kunna masa kalmar sirri, domin idan babu ita ba a ajiye kalmomin shiga a ciki. Kalmar kuma a rubuta a ajiye inda ba sai da kwamfuta za a kai gare ta ba.

Gwaji da sa ido

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin maidowa shi ma a jadawali yake shiga. SureBackup tana tayar da VM daga kwafi a keɓaɓɓen layi da ba ya taɓa na aiki, ta duba ko ta tashi, ko tana amsawa. Ka sa rukuni na farko kowane mako, sauran a riƙa juyawa, da rana lokacin da ma'ajiya ba ta da nauyi. Sau ɗaya a wata uku kuma ka maido da saba guda cikakkiya da hannu, daga kwafin da ke wancan wurin, da agogo a hannu. Lokacin da ya ɗauka ka kwatanta shi da RTO da aka sa wa hannu. Idan an yi alkawarin awa 4 ya ɗauki 11, ko dai a sayi abin da zai rage shi, ko a gyara takardar.

Saƙon imel na zuwa ne idan aiki ya gudana, ya yi nasara ko ya gaza. Aikin da aka kashe ko wanda bai tashi ba shiru yake yi, shi ya sa dogaro da saƙon gazawa kaɗai ba ya isa. Abin da za ka duba kowace safiya shi ne shekarun kwafin ƙarshe na kowace VM: wace ce kwafinta ya wuce RPO na rukuninta, wace ce ba ta da kwafi sam. Veeam ONE tana da rahoton da ke nuna wannan, ana kuma iya fitar da shi da PowerShell. Ka riƙa rubuta tsawon lokacin kowane aiki a ƙarshen wata. Idan bakap na dare ya fara cin fiye da kashi biyu cikin uku na sa'o'in da aka ware masa, ka sake lissafin daga farko da sabon girman bayanai, ka raba aikin ko ka ƙara furoksi tun kafin a fara katse shi.